Wata Tara Muna Neman Unguwa

Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, mun fi shekara ba wanda ya iya furta maganar gida. Mu goma sha ɗaya ne 'ya'ya, ga iyayenmu mata biyu, gidan kuma irin na cikin badala ne, a wani lungu bayan Mandawari, soro biyu kafin ka shiga tsakar gida. Ko da reza za a yanka shi ba zai ishe mu ba. Daga ƙarshe aka kira malamai, aka yi masa kuɗi, wani ɗan uwa mai hali ya saya, kowa aka damƙa masa rabonsa, aka ba mu shekara guda mu tashi. Ina da mata da yara uku, ga Hajiya ta ce ƙafata ƙafarta. Sai na wayi gari ina neman abin da ban taɓa nema ba tun da aka haife ni, wato unguwa.

Ni nake riƙe da littafin lissafi a wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Saboda haka na ɗauka abu ne mai sauƙi: ga abin da ke hannu, ga farashi, a cire wannan daga wancan. Rabona na gado, da ɗan abin da na tara, da adashin da uwar yara ta kwasa, duk a haɗe ba za su sayi gida a cikin gari ba, sai dai kango ko fuloti a gefen gari. Na fara yawo a watan Fabrairun 2023, lokacin da ake wahalar takardun kuɗi bayan canjin naira, ko na sayen man babur sai ka yi layi a wajen mai POS.

Dillalin farko da aka haɗa ni da shi mutum ne mai daɗin baki. Yana gaba a kan babur ɗinsa, ina biye da shi a kan nawa, mun zaga Kano ta kowace kusurwa. Mun bi hanyar Katsina har muka wuce kasuwar hatsi ta Dawanau. Mun bi hanyar Maiduguri ta Hotoro zuwa Mariri, wajen 'yan goro da rukunin gidajen Ɗanladi Nasidi. Mun leƙa Jaba a bayan filin jirgi, mun shiga Medile da Sabuwar Gandu, mun bi hanyar Panshekara. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina tsakanin 2011 da 2015, kallo kawai na yi musu daga bakin titi, domin kowa ya san tsawon bargonsa. Duk inda muka tsaya maganarsa ɗaya ce: "Alhaji, nan da shekara biyu nan gari ne. Titi zai biyo ta nan, ga turakun wuta can sun kusa." Sai daga baya na lura ba ya kai ni ko'ina sai da hantsi ko bayan la'asar, kuma rani ne, ƙasa a bushe, kowane layi ya yi kyau.

A wannan yawon na fara gane bambancin awon gwamnati da awon igiya, abin da a da nake ji a bakin mutane kawai. Awon gwamnati shi ne wanda hukuma ta tsara, ta fitar da tituna masu faɗi, ta ware filin makaranta da kasuwa da maƙabarta, kuma za ka iya neman takardar shaidar mallaka mai wa'adin shekara 99, tunda dokar ƙasa ta 1978 ta ɗora amanar filaye a hannun gwamna. Awon igiya kuwa gona ce mai ita ko magadansa suka yanka, ƙafa hamsin-hamsin ko ƙasa da haka, takardarka ita ce ta ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu. Ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma mai gona ba ya son asarar taku ɗaya, shi ya sa za ka ga layin da Adaidaita biyu ba sa iya giftawa, ba wurin kwata, ba filin da yaro zai buga ƙwallo. Mafi yawan sababbin unguwannin da talaka ke iya shiga irin wannan ne, kuma tun da wuri na san a cikinsu zan ƙare.

Cikin azumi saura ƙiris na yi kuskuren da da har yau ina cizon yatsa. Wani gida ne a wani layi ta hanyar Panshekara, ginanne, an gama shi tsaf, sabon fenti, tayil har bayi, kuɗinsa kuma daidai aljihuna. Har na yi alkawarin kawo kafin alƙalami bayan salla. Na kai Hajiya ta gani don ta sa albarka. Ba ta kalli tayil ba. Ta tsaya a ƙofar gida tana duban ƙasa, ta ce, "Kai, me ya sa ciyawa take kore a nan, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba?" Na ce ƙila ruwan wanke-wanke ne. Ta ce a'a, in je in tambayi tsoho, kar in tambayi yaro.

Na sami wani dattijo mai facin taya a bakin titi, muka gaisa, na sayi iska a tayar da ba ta buƙata, na jefa masa tambayar. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, nan ai kududdufi ne. A nan aka ɗebi ƙasar da aka gina rabin ƙauyen nan, a ciki muka koyi iyo. Shara da ɓaraguzai aka zuba aka cike shi. Ruwa kuwa ya san gidansa." Na janye. Dillali ya yi fushi, ya ce na sa ya ji kunya. A watan Agusta, washegarin wani ruwan dare mai ƙarfi, na bi ta wajen da gangan. Ruwa ya kai dokin ƙofa, kwaɗi na ta kuka da rana tsaka, wata baiwar Allah da suka sayi gidan tana kwarfe tsakar gida da roba, ta ɗaure zani a gwiwa. Ban tsaya ba, don ban san me zan ce mata ba.

Bayan wannan sai zuciyata ta koma kan wani fuloti babba can gaba da Dawanau. Awon igiya ne amma layinsa da faɗi, ƙasa a tudu, kuma in na saya zan rage kuɗin da zai kai gini har rufi. Ina ta zana ɗakuna a bayan rasit. Ana cikin haka aka rantsar da sabuwar gwamnati ranar 29 ga Mayu, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, kuɗin Adaidaita ya bi ta.

A daren da na kawo maganar fulotin, uwar yara ta ɗauko wani tsohon littafin Ummi na makaranta, ta juya bayansa, ta ja layi. Ni da ake biya albashi don lissafi, ina zaune ta yi min shi. Ta rubuta man da zan sha kullum zuwa Kwari da dawowa, kwana shida a mako. Ta rubuta kuɗin motar yara, tunda makarantar da ke kusa da wajen ba ta wuce aji uku ba. Ta rubuta ruwa: ba famfo, rijiyoyin layin sun ƙafe tun Maris, sai 'yan garuwa, kura guda mai jarka goma sha biyu ba za ta yi mana kwana biyu ba in ana wanki. Ta rubuta zuwan Hajiya asibitin Murtala duk wata don hawan jini, da shatar Adaidaita, domin ba za ta iya hawa biyu ba. Da ta haɗa, rarar da nake murna da ita hanya da ruwa za su cinye ta cikin shekara uku da 'yan watanni. Sannan ta ajiye biro ta ce, "Baban Ummi, kai kwana kawai za ka riƙa yi a unguwar nan. Ni da yara da Hajiya mu ne za mu zauna a cikinta. Kuma ɗinkina fa? Wa zai kawo min ɗinki a inda gida biyar ne a layi?"

Ban ba ta amsa ba a daren, girman kai ya hana. Amma daga ranar na daina fita neman gida ni kaɗai.

Muka taƙaita nema a hanyar Gwarzo, tsakanin Rijiyar Zaki da Ɗanbare, daura da sabuwar jami'ar Bayero. Dalilin a fili yake: titi ɗaya ne miƙaƙƙe ta Kabuga zuwa cikin gari, in an yi rasuwa ko suna a dangi ba sai mun yi shirin tafiya kamar masu zuwa wani gari ba. Wajen ya fi tsada, kuɗin da zai gina min gida a can gaba da Dawanau a nan kango kawai zai saya. Wani abin ban dariya, titin nan guda ya raba ƙananan hukumomi: Rijiyar Zaki tana Ungoggo, Ɗanbare tana Kumbotso, ga Gwale a maƙwabtaka. Duk mai neman takarda ya fara sanin a ƙasar wane hakimi yake.

Makarantu suna hutu a Agusta, dole muka jira Satumba. Na so in tambayi mutane kawai, ita ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, mu je da ƙafarmu ranar karatu ba tare da sanarwa ba.

Ta farko tana da allon sanarwa mai sheƙi da sunan Turanci mai tsawo, da motar ɗaukar yara. Da muka shiga, gidan zama ne mai ɗaki huɗu aka yayyanka da katako, filin wasan shi ne inda ake ajiye mota. Shugabar ta zayyana mana kuɗin zango, sannan kuɗin yunifom kala biyu, da littattafan da ba a saya sai a wajensu, da kuɗin bikin ƙarshen shekara. Ina jin wannan, uwar yara ta zame ta tsaya hira da malamar aji huɗu a baranda. A hanya ta gaya min ita ce malama ta uku da ajin ya yi cikin shekara guda, albashin ba ya riƙe kowa.

Ta biyu ta gwamnati ce, kuma a nan zuciyata ta fi karkata, domin ni ma a firamaren gwamnati na yi, ban biya ko kwabo ba, kuma da ita nake cin abinci har yau. Fili ne makeke da bishiyoyin darbejiya, malamai masu takardar koyarwa, wasunsu sun fi shekara ashirin a aiki. Tun 2019 gwamnatin jiha ta ayyana karatun firamare da sakandare kyauta kuma dole. Amma na tsaya a tagar wani aji ina ƙirga kawuna, na wuce tamanin na bari. Rabin yaran a ƙasa suke zaune. Malamin yana iya ƙoƙarinsa, muryarsa har ta dushe, sai dai yaron da ke bayan aji in ya yi wata bai gane komai ba babu mai sani. Ɗana na biyu yaro ne mai shiru, ya iya ɓacewa a cikin mutum goma, balle tamanin.

Ta uku ba ta da wani kyan gani. Mutanen unguwa ne suka kafa ta, boko da safe, Islamiyya bayan la'asar, a gini guda. Uwar yara ta roƙi a ba ta littafin rubutun wani yaro ɗan aji huɗu, kowanne ne, ba wanda malam zai zaɓa ba. Ta buɗe tana bin kwanan wata shafi-shafi, tana duban jan biro: an duba aikin jiya, an duba na shekaranjiya, inda yaron ya yi kuskure an gyara an sa ya sake. Ni kuma na rubuta wa wata yarinya lissafin ɗebewa mai aro, ta yi shi a tsaye. Daga nan uwar yara ta ce a nuna mata bayin 'yan mata. Akwai ƙofa, akwai sakata, akwai buta da ruwa a randa. Ummi tana aji shida, shekarunta sun fara hawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajen uwa, ni kuwa ko a mafarki ba zai zo min ba. Da yawa daga malaman ɗaliban jami'a ne ko waɗanda suka gama suna zaune a unguwar, wannan albarkacin maƙwabtaka da jami'a ne. Shugaban ya ce suna shirya yara har su kai ga jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiha, irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe tun 1977. Burina ke nan a kan yaron nan mai shiru.

Makarantar ce ta yanke mana ɓangaren titin da za mu zauna. Hanyar Gwarzo babbar hanya ce, tireloli da motocin haya ba sa sassautawa. Muka ce duk gidan da zai sa yara tsallaka titin nan sau huɗu a rana mun yafe shi, ko da kyauta ne. Wani kango mai kyau ya faɗi a kan wannan sharaɗin kaɗai.

Saura biyu suka rage, sai Hajiya ta kawo tata. Wata rana bayan magariba ta ce, "Duk na ji lissafinku. Ni tambayata ɗaya ce. In na faɗi da rana kana kasuwa, wa zai shigo? In na mutu, su wa za su tsaya a kaina?" A Mandawari wannan ba tambaya ba ce. In ka yi tari da dare, da safe maƙwabci zai aiko a ji ya jiki.

Ba dillalin da zai amsa wannan, sai na ƙirƙiro tawa dabarar. Na riƙa tashi kafin assalatu, in hau babur in je in yi sallar asuba a masallacin layin da nake so. Layin farko gidaje ne masu dogayen katangu da waya a sama, kowa da get ɗinsa da burtsatsensa da solarsa. Sahu ɗaya bai cika ba. Aka idar, kowa ya saka takalmi ya shige gida. Kwana biyu ina zuwa ba wanda ya ce min daga ina. Ba na zarginsu, ma'aikata ne, kowa na sauri, kuma wanda ya wadatu da komai a cikin katangarsa ba abin da zai fito da shi.

A layi na biyu, ina sallamewa wani dattijo na gefena ya miƙo hannu ya ce, "Baƙo muka yi? Daga ina?" Kafin in fita mutum uku sun san sunan mahaifina, ɗaya ma ya ce ya taɓa sayen hula a hannunsa. Ladan ya miƙe ya sanar cewa matar wane tana asibiti, a shiga a duba, sannan ya tuna wa mutane kuɗin 'yan sintiri. Abin da ya fi ɗaukar hankalina yana jikin bango: takarda ce an liƙa, lissafin karo-karon gyaran taransifoma. Sunan kowane gida da abin da ya bayar, abin da aka kashe a kan mai da waya da ladan masu gyara, da ragowar da ke hannun ma'aji, har da 'yan canji. Na tsaya na bi shi layi-layi kamar yadda nake bin littafin shago. Ya daidaita.

Na sake komawa da dare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, don a shekarar maganar ƙwacen waya ta cika gari. Na tarar da mai shayi a buɗe, dattawa biyu a kan benci, matasa uku da tocila da usur suna zagaye. Suka tare ni da ladabi suka tambayi gidan wa nake nema. Ban taɓa jin daɗin a tsare ni da tambaya ba sai ranar.

Kangon da ke layin ɗaki uku ne da falo, an kai linta aka tsaya, awon igiya. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin shekarar, na gine-ginen da aka ce an yi a filayen gwamnati, ya sa kowa ya shiga taitayinsa a kan takarda, ni ma haka. Na je gaban mai unguwa na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne mai son kangon wane, na zo a gaya min gaskiyarsa." Ya aika aka kira maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, kowa ya nuna iyakarsa da ƙafarsa. Muka bi takardun ciniki ɗaya bayan ɗaya har zuwa mai gonar asali. Na ɗauki safiyo ya auna, na kai zanen ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birni a duba ko akwai titi ko layin babbar wuta da aka tsara zai bi ta kai. Babu.

A nan wani abu ya ɓullo. Mai kangon ya rasu, 'ya'yansa ne ke sayarwa, kuma a takardar sa hannun mutum biyar na gani alhali maƙwabta sun ce su shida ne. Akwai mace guda tana aure a Zariya. Babban wansu ya ce, "Ai ba komai, na yi magana da ita a waya." Ni da na fito daga rabon gado na san abin da "ba komai" ke haifarwa bayan shekara goma. Na ce zan jira. Mako biyu aka yi kafin ta zo da mijinta, ta sa hannu a gaban lauya da shaidu. Na tura kuɗi ta banki a zaune a wajen, aka ba dillalai la'adarsu, aka shafa fatiha. Ƙarshen Oktoba ke nan.

Mun tare a watan Janairu, ɗaki biyu da rufi da ƙofa, na ukun da buhu a taga. Ba zan ce komai ya yi daidai ba. Layin ba kwalta, da rani ƙura, da damina sai na tura babur da hannu zuwa bakin titi. Wuta sai ta ga dama, dole na ci bashin ƙaramar sola don fanka da fitila da keken ɗinki. Ruwa muna saya a burtsatsen maƙwabci da ya jawo mana tiyo, ana biya duk wata. Yaran sun yi wata biyu suna kukan 'yan uwansu. Hajiya kuwa har yanzu duk Juma'a sai an kai ta cikin gari, ta wuni a lungunmu na da, ta dawo da labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu, tana cewa ruwan can ya fi daɗi. Amma ranar da jiri ya ɗebe ta a tsakar gida ina kasuwa, kafin in iso Kabuga matan layin sun riga sun kai ta asibiti a motar wani malamin jami'a da ban taɓa shiga gidansa ba.

Da daminar bana ta matso, aka yi taro bayan sallar isha a kan kwalbatin bakin layi, wadda in ba a yi ta ba ruwa zai sake yanke mu daga titi. Dattijon nan da ya fara tambayata daga ina ya ce ma'ajinsu ya koma Abuja da aiki, kuma ya ji an ce akwai mai riƙe littafi a Kwari a cikinmu. Ban samu damar cewa a'a ba. Littafin yana hannuna yanzu, gida talatin da huɗu ne a ciki, tara ba su biya ba, kuma gobe bayan asuba zan fara bi ƙofa-ƙofa.